Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamai Masu Duba Binciken Ɗalibai: Ku Koya Musu Bin Sawun Magana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina masu daraja, bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yan mutane. Na rubuto ne a kan wata magana da ke fitowa daga bakin da yawa daga cikinku duk lokacin da ɗalibi ya kawo daftarin bincikensa: "Kada in ga abin da ka ɗauko a intanet. Kawo mini littafi ko mujalla." Cikin ladabi nake roƙonku ku sake duba wannan hukunci. Na san abin da ya sa kuke yanke shi, kuma dalilinku ba na banza ba ne. Sai dai ina ganin yana barin ɗalibi yadda ya zo, har ya karɓi digiri bai iya bambance magana mai tushe da mara tushe ba, alhali wannan ne babban abin da aka turo shi ya koya a hannunku.

Ku duba abin da hanin yake haifarwa. Ɗalibi ba ya daina karatu a intanet don an hana shi. Abin da yake dainawa shi ne faɗin gaskiyar inda ya karanta. Zai ɗauki maganar a wani shafi, ya gangara ƙasan shafin ya kwafi sunan littafin da aka ambata, littafin da bai taɓa buɗewa ba, ya jera shi cikin manazarta. Ku kuma ku ga jeri mai kyan gani, ku sa hannu. Da ya rubuta ainihin inda ya samo, da kuna da damar zama da shi ku auna wurin tare. Yanzu kuwa hanyar ta ɓace muku, ta ɓace wa duk wanda zai karanta kundin bayanku, shi kuma yaron ya koyi cewa a harkar ilimi ɓoye madogara ya fi bayyana ta riba. Wannan darasi ne ya fi damuna, don zai bi shi har wurin aiki.

Ban musa cewa intanet cike take da tarkace ba. Kowa na iya saka rubutu ba tare da wani edita ya duba ba, ana iya canza shi da daddare ba wanda ya sani, kuma talla kan shigo da kamar labari. A 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun tattara amsoshi 7,804 daga ɗaliban makarantu da na jami'a. Cikin 'yan ƙaramar sakandare, sama da kashi 80 cikin 100 sun ɗauki wani talla a matsayin labarin jarida, duk da an rubuta a jikinsa cewa kuɗi aka biya aka saka shi. Waɗannan yara ne da suka tashi da waya a hannu. Iya latsa waya daban, iya auna abin da ke cikinta daban. Tsoronku yana kan hanya.

Amma ɗaya gefen hukuncin, wato in dai magana ta fito a mujallar ilimi to a karɓe ta, shi ma yana da nasa ramin, kuma kun fi ni sanin haka. A 1998 mujallar likitanci ta Lancet ta buga binciken Andrew Wakefield, wanda ya duba yara 12 kacal, ya kuma jawo zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda tana da alaƙa da cutar galahanga. Iyaye suka tsorata, yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya faɗi zuwa kusan kashi 80 cikin 100, ƙyanda ta dawo. Sai a 2010 mujallar ta janye rubutun, aka kuma soke lasisin likitan. Shekara goma sha biyu rubutun yana zaune a mujallar da ke sahun gaba a duniya, kuma wanda ya fi tona asirinsa ɗan jarida ne, Brian Deer. A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya, John Bohannon, ya haɗa takardar bincike ta bogi mai kurakuran da duk masani zai hango, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka amince za su buga. A shekarar 2023 kaɗai an janye takardun bincike sama da 10,000 a duniya. Ba ina rage darajar tantancewar da masana ke yi wa takarda kafin a buga ta ba ne. Har gobe ita ce hanyar tacewa mafi kyau da muke da ita, kuma ina son ɗalibi ya girmama ta. Ina dai son ya san cewa mutane ne ke yin ta, mutum biyu ko uku masu tarin aiki, waɗanda galibi ba sa ganin ainihin alƙaluman da aka tattara, kuma akwai mujallun da kuɗin bugawa kawai suke nema.

Wani lokacin ma gyaran daga waje yake zuwa. A Disambar 2010 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kira taron manema labarai, mujallar Science kuma ta buga cewa an samu wata ƙwayar bakteriya a tafkin Mono na Kalifoniya da ke gina sinadarin gadonta da arsenik maimakon fosfaras. Cikin kwanaki kaɗan wata farfesar ilimin ƙananan halittu a Jami'ar British Columbia ta Kanada, Rosie Redfield, ta rubuta a shafinta na ƙashin kanta tana nuna inda aikin ya yi rauni, mataki bayan mataki. A 2012 Science ɗin ta buga bincike biyu, ɗaya har da hannunta a ciki, da suka nuna da'awar ba ta tsaya ba. To a tsakanin waɗannan shekaru biyu, wa ya fi kusa da gaskiya: ɗalibin da ya tsaya kan mujalla, ko wanda ya karanta duka biyun ya auna hujjojinsu? In muka bi dokar "kada in ga abin intanet" sau da ƙafa, na biyun ne za mu rage wa maki.

Wasunku sun gane haka, sai suka koma ba ɗalibai jerin tambayoyin da za su yi wa shafi: yana da kwanan wata? An sa sunan marubuci? Akwai kurakuran rubutu? Adireshin yana ƙarewa da me? Akwai jerin manazarta a ƙasa? Niyyar tana da kyau, amma dukkan waɗannan tambayoyi shafin ne da kansa yake amsa su. Mai son yaudara ya fi kowa sanin jerin, kuma cika shi bai da wuya. Adireshi mai ƙarewa da .org kowa na iya yin rajistarsa. Tambari mai kyau, da suna mai kama da na cibiyar bincike, da hotunan mutane cikin farar riga, duk ana samar da su a yini guda.

Sam Wineburg da Sarah McGrew na Stanford sun gwada wannan a 2017, kuma ina son ku tsaya a kan sakamakon, don ya shafe mu mu manya fiye da yara. Sun zaunar da masana tarihi 10 masu digirin digirgir, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗaliban Stanford 25. Aka ba kowa rubutu biyu a kan cin zali a makarantu, daga ƙungiyoyin likitocin yara biyu masu suna kusan iri ɗaya. Ɗaya ita ce babbar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, wadda aka kafa tun 1930, mai mambobi sama da 60,000. Ɗayar ƙarama ce da ta ɓalle a 2002 saboda saɓani a kan wata manufa. Aka tambaye su wanne ya fi cancantar a dogara da shi. Masu tantance labarai dukkansu sun gane babbar. Masana tarihi rabi ne kawai suka zaɓe ta. Ɗalibai kuwa kashi 20 cikin 100 ne, mafi yawansu ƙaramar suka fifita, saboda tsarin shafinta ya fi burge su. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.

Me masu tantancewar suka yi daban? Ba su daɗe a shafin ba. Daƙiƙu kaɗan suka yi suna dubawa, sai suka fita, suka buɗe wasu shafuka suna neman abin da wasu suka faɗa a kan ƙungiyar: wa ya kafa ta, yaushe, wa ke ba ta kuɗi, me masanan fannin ke cewa game da ita. Masana tarihin kuwa sun zauna suna karanta rubutun daga sama har ƙasa da natsuwa, irin karatun da aka horar da mu a kai, suka bar shafin yana ba da shaidar kansa. Natsuwar tana da amfani, amma lokacinta bayan an san da wa ake magana ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya ɗan zauna gaban malamin Hadisi ya ji ta. Malaman nan ba su taɓa karɓar riwaya don lafazinta ya yi daɗi ba. Sukan tambaya: wa ya faɗa maka? Shi kuma daga wa ya ji? Sun yi zamani ɗaya, sun haɗu? Sannan ba maruwaicin suke tambaya ko shi amintacce ne ba, wajen waɗanda suka san shi suke zuwa, har aka gina fanni sukutum na sanin halayen maruwaita. Sun kuma raba abu biyu da ɗalibanmu ke haɗawa: gaskiyar mutum daban, kiyayewarsa daban. Mutum na iya zama mai tsoron Allah da ba ya ƙarya, amma haddarsa ta yi rauni, sai a girmama shi a kuma yi hattara da riwayarsa. Wanda ba a san ko wane ne ba, maganarsa ba ta zama hujja. In isnadi ya yanke a tsakiya, a faɗa fili cewa ya yanke. Ba ina daidaita kundin digiri da ilimin addini ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne hanyar tunanin tana nan a gidanmu, ɗalibi da yawa ya girma yana jin ta, amma ba wanda ya taɓa ce masa ita ce zai ɗauka ya shiga intanet da ita.

Ga misalin da nake so kowane ɗalibi ya ji kafin ya rubuta babin farko. A Janairun 1980 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wata wasiƙa mai jimla biyar daga Jane Porter da Hershel Jick na Boston. Sun ce cikin majinyata 11,882 da aka ba magungunan kashe zafi masu ƙarfi, huɗu ne kawai aka samu da kamuwa da jarabar maganin. Majinyatan a kwance suke a asibiti, ƙarƙashin idon likita. Wasiƙar ba ta ce komai ba a kan mutumin da za a rubuta wa maganin ya tafi da shi gida ya yi watanni yana sha. Amma wani ya ambace ta, wani ya ambaci wanda ya ambace ta, a hankali wasiƙar jimla biyar ta koma "babban bincike" a bakin mutane. A 2017 masu bincike a Kanada suka ƙirga, suka samu an ambace ta sau 608 a rubuce-rubucen ilimi. Kashi 72 cikin 100 sun kawo ta a matsayin hujjar cewa kamuwa da jarabar waɗannan magunguna abu ne mai wuya, kuma kusan kashi 81 ba su ma faɗi cewa majinyatan na kwance a asibiti ba. Wannan fahimta ta taimaka wajen sake hannu da rubuta magungunan a Amurka, abin da ya kai ga annobar da ta ci rayuka masu ɗimbin yawa. Ku lura, malamaina: kowane mataki na wannan isnadi a mujalla yake. Abin da aka rasa shi ne mutumin da zai koma ya buɗe wasiƙar, wadda karanta ta ba ya ɗaukar minti ɗaya. Gani ya kori ji.

A intanet irin wannan ya fi sauri. Maganar nan da ta zagaye duniya cewa hankalin mutumin yau ba ya wuce daƙiƙa takwas a kan abu ɗaya, har ƙaramin kifin ado ya fi shi, ta bazu ne daga wani rahoton talla na Microsoft reshen Kanada a 2015. Rahoton daga wani shafin tara alƙaluma ya ɗauko adadin, kuma da 'yan jaridar BBC suka bi sawu a 2017 ba su samu binciken da ya haife shi ba. Ɗalibin da ya ga magana a shafuka goma sai ya ɗauka shaidu goma ne, alhali sau da yawa shaida ɗaya ce aka kwafa sau tara.

Bin isnadi kaɗai ma bai wadatar ba, kuma Ibnu Khaldun ya faɗi haka tun a ƙarni na 14, lokacin da yake sukar marubutan tarihi masu kawo adadin sojoji da dukiyoyin da ƙasa ba za ta iya ɗauka ba. Ya ce a auna labari da yadda al'amuran mutane ke gudana, a ga ko zai yiwu ma tukuna. Ɗalibi ya saba tambayar kansa: wannan adadi, mutum nawa aka tambaya aka samo shi? A ina? Yaushe? Ya yi daidai da abin da na sani ta wasu hanyoyi?

Akwai kuma tambayar da ban cika jin ana yi wa ɗalibai ba, ita ce kuwa ta fi warware rigimar: wannan madogara, hujjar me kake so ta zama? Rubutun da ɗan siyasa ya saka a shafinsa hujja ce mai ƙarfi a kan abin da ya faɗa a ranar kaza, ba wata mujalla da ta fi ta. Amma ba hujja ba ce cewa abin da ya faɗa gaskiya ne. Bayanin mutumin da ambaliya ta ci gidansa shaida ce ta ganau a kan abin da ya same shi, ba ta isa ta faɗi yawan gidajen da suka rushe a lardin ba. Farfesan lissafi in ya yi bayanin lissafi a shafinsa, maganar masani ce ko da ba edita ya duba ta. In ya koma maganar magunguna, ya zama kamar kowa. Ɗalibin da ke nazarin yadda matasa ke amfani da harshe, ko yadda jita-jita ke yaɗuwa lokacin annoba, rubutun intanet shi ne ainihin kayan aikinsa. In an hana shi, me zai nazarta?

Kada kuma mu raina abin da ɗalibi zai iya. Thomas Herndon ɗalibi ne a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst lokacin da aka ba su aikin aji: kowa ya zaɓi wani sanannen bincike ya sake lissafinsa. Ya zaɓi na Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff na 2010, wanda ya ce ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da suke samarwa, tattalin arzikinsu kan ja baya. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun yi ta kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. Lissafin ya ƙi fita a hannun Herndon, malamansa suka ce ya sake dubawa, ya sake, ya ƙi. Daga ƙarshe ya nemi marubutan su turo masa jadawalinsu, suka turo, sai ya ga an tsallake ƙasashe biyar wajen haɗa jimla, ban da wasu zaɓuɓɓukan lissafi da ya soka. A 2013 shi da malamansa biyu suka nuna cewa maimakon ja baya na kashi 0.1, haɓaka ce ta kashi 2.2. Marubutan sun amsa kuskuren jadawalin, ko da yake sun ci gaba da kare ra'ayinsu na gaba ɗaya. Abin lura a wurina shi ne aikin da malaman suka bayar. Sun nuna wa ɗalibi cewa yana da izinin duba aikin manya.

Na san nauyin da ke kanku. Malami ɗaya da kundaye masu yawa, ga koyarwa, ga jarrabawa, ga nasa binciken. Doka mai gajeren lafazi ta fi sauƙin aiwatarwa. Amma zamanin da za ta yi aiki ya wuce, don yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ƙago sunan marubuci da mujalla da shekara da lambar shafi, komai tsaf, alhali babu rubutun a duniya. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙiro. Jerin manazarta mai kyan gani ya daina zama shaidar komai.

Don haka ga roƙona. Ku ware zama ɗaya ko biyu a farkon zangon bincike, ku buɗe kwamfuta a gaban ɗalibai, ku ɗauki wata magana da ke yawo, ku bi ta tare har inda ta fito ko inda ta ɓace. Su ga kuna fita daga shafi kuna tambayar wasu a kansa, su ga kuna duba ko an janye takarda a shafin Retraction Watch mai bibiyar takardun da aka janye, wanda 'yan jarida biyu, Ivan Oransky da Adam Marcus, suka fara a 2010. Ku jawo ma'aikatan ɗakin karatu cikin zaman, wannan sana'arsu ce, kuma da yawa suna jiran a kira su. Ku ce duk wanda ya dogara da rubutun intanet ya rubuta ranar da ya karanta shi, ya kuma adana kwafi a Wayback Machine, rumbun da ke ajiye kwafin shafukan intanet, domin binciken cibiyar Pew na 2024 ya gano cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke nan a 2013 sun ɓace bayan shekara goma.

In duk wannan ya yi yawa, to ku yi abu ɗaya a wannan zangon. Ku sa kowane ɗalibi ya haɗa takarda guda da daftarinsa, ya zaɓi maganganu biyar da bincikensa ya fi jingina a kansu, ya rubuta a kan kowace: a ina ya fara karanta ta, wa ya fara faɗinta, ya buɗe asalin da idonsa ko a bakin wani ya ji, me ya sa ya amince da mai maganar a wannan fanni. Ku kuma sanar da su tun farko cewa wanda ya rubuta "ban samu asalin ba" ba zai rasa maki saboda faɗin haka ba, wanda zai rasa shi ne wanda ya jera littafin da bai buɗe ba. Da wannan takarda za ku fara zaman duba aiki, kafin a je kan tsarin babi da gyaran rubutu.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri, ya sa albarka a aikinku.

Wassalam.

Naku,
Mai aiki da ɗalibai a ɗakin karatu